Babi na Biyar: Aska ko Inji?

A shekarar 1797 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wani sansani a Norman Cross, kusa da garin Peterborough, domin tsare sojojin Faransa da aka kamo a yaƙi. Dubban mutane aka tara a ciki, ga talauci, ga zaman kashe wando. Abu biyu kawai suke da shi a yalwace: lokaci, da ƙashin naman da ake ba su a abinci. Wasu daga cikinsu, musamman ma'aikatan jiragen ruwa da waɗanda suka taso da sana'ar sassaƙa tun a gida, sai suka fara tara ƙasusuwan shanu da na tumaki. Su tafasa, su kankare, su shanya har ƙashin ya yi fari fat, sannan su tsaga shi falle-falle kamar katako. Da wannan suka riƙa ƙera ƙananan jiragen yaƙi, kowanne da jerin igwoyinsa, da ginshiƙansa, da igiyoyin da aka murɗa da zare ko gashi. Akwai kasuwa a sansanin, inda mutanen gari ke zuwa su saya, fursuna ya samu na taba da na ƙarin abinci.

Kayan aikin mutanen nan ba su wuce wuƙa, da ƙusar da aka wasa, da guntun ƙarfen da aka mayar magagari ba. Babu lantarki a lokacin, ko a fadar sarkin Ingila. Amma jiragen suna nan har yau cikin akwatunan gilashi, a gidan tarihi na Peterborough, da na jiragen ruwa da ke Greenwich a Landan, da na makarantar sojan ruwan Amurka a Annapolis. Wanda ya duƙa ya leƙa su da kyau zai ga ƙananan ƙusoshin tagulla a jere a jikin ƙashin, kowace a raminta, ramin da wani ya huda da hannu shekara fiye da 200 da suka wuce.

Duk lokacin da gardama ta tashi tsakanin masu haɗa ƙananan samfura kan ko inji ya fi ko hannu, waɗannan jiragen ake fara kawowa hujja. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta kashe maganar ba, domin fursunan Norman Cross ba zaɓa suka yi ba. Abin da ke gabansu suka yi aiki da shi. Mai haɗa samfuri na yau shi ne ke da zaɓi, kuma zaɓin na cin kuɗi.

Kafin a shiga batun kayan aiki, dole a fahimci abin da ma'auni ke yi wa kuskure. Idan aka ce samfuri yana kan ma'aunin 1:72, ana nufin kowane santimita guda a jikinsa yana wakiltar santimita 72 a jikin abin na gaske. Jirgin yaƙin Spitfire, wanda kamfanin Airfix na Ingila ya fara sayar da samfurinsa na roba a shekarun 1950, faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 11. A wannan ma'auni ya koma santimita 15 da rabi, ya zauna a tafin hannu. To amma lissafin yana aiki ta baya ma. Idan hannu ya goce aka zaftare rabin milimita daga bakin fiffiken, tamkar an gutsure kusan santimita 4 ne daga jirgin na gaske. A ma'aunin 1:350, wanda aka fi yin jiragen ruwa na yaƙi da shi, milimita guda daidai take da santimita 35. Ke nan ɗan kuskuren da kafinta ba zai ko kula da shi ba a jikin ƙofa, a nan ya isa ya ɓata aikin wata guda.

Yaron da ya taɓa yin motar kara ya san wannan tun kafin ya san lissafinsa. Ya san cewa ɓawon karan dawa idan aka feƙe shi da reza aka wuce wuri, ba ya komawa. Sai dai a jefar a ɗauko wani.

Injin da ya fi shiga hannun masu wannan sana'a shi ne ɗan injin nan mai juyawa da ake riƙewa kamar ƙaton alƙalami, ana sa masa baki iri-iri: na huji, na gugar ƙarfe, na yanka, na goge abu ya yi sheƙi. Albert Dremel, wani ɗan asalin Austriya, ya kafa kamfaninsa a garin Racine na jihar Wisconsin a 1932, ya fitar da wannan inji a 1935. Sunansa ya bi kayan har ya zama ko na wani kamfani ne, Dremel ake ce masa. Tun 1993 kamfanin yana hannun Bosch na Jamus. Dabarar injin ita ce gudu. Ba shi da wani ƙarfin murɗa na a zo a gani, amma manyan samfuransa suna juyawa daga sau 5,000 zuwa sau 35,000 a minti guda. Wato a ƙarshen gudunsa bakin yana zagayawa kusan sau 580 a cikin daƙiƙa ɗaya.

A jikin ƙarfe ko busasshen katako wannan gudun alheri ne. A jikin roba kuwa, masifa ce.

Yawancin samfuran da ake saya a kwali, na jiragen sama da tankokin yaƙi da motoci, da robar da ake kira folistarin ake zuba su. Wannan roba tana fara laushi tun zafi bai wuce na tafasasshen ruwa ba, wajen digiri 100, kuma ba ta watsa zafi, inda ya taru nan yake tsayawa. Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya ɗauko bututun bindigar tanka, siriri kamar tsinken ashana, yana so ya huda bakinsa don ya yi kama da na gaske. Ya sa wa inji siririn mahuji, ya kunna, ya ɗora. Daƙiƙar farko sai ya ga farin gari yana fita, ya ce aiki ya yi kyau. Daƙiƙa ta biyu garin ya daina fita, robar ta narke ta naɗe mahujin kamar ƙullun alewa. Kafin ya ɗaga yatsa daga maɓalli, bakin bindigar ya buɗe ya karkace gefe guda, ga wani ɗan wari na ƙonanniyar roba. Ko a mafi ƙarancin gudun injin, sau 5,000 a minti, bakin yana zagayawa fiye da sau 80 a daƙiƙa. Ido bai isa ya ga ɓarnar ya aika wa hannu saƙo kafin ta auku ba.

Abin da gwanaye ke amfani da shi a wannan wuri wani ɗan mariƙi ne na ƙarfe, tsawonsa bai kai biro ba. A gaba yana da baki da ke damƙe mahujin, a baya kuma yana da ɗan kai mai juyawa da ake dafawa da yatsa manuniya. Babban yatsa da na tsakiya su ke murza shi. Da farko a ɗan soki tsakiyar wurin da tsinin allura don mahujin ya samu wurin zama. Sai a murza sau biyu, a tsaya, a duba. Robar tana fitowa a nannaɗe, siririya, fara, alamar cewa yankanta ake yi ba narkar da ita ba. Idan ramin ya fara karkata, yatsu za su ji tun kafin ido ya gani, sai a gyara zaman hannu. Mafi sirantar mahujin da aka saba samu a jerin masu lamba, wato lamba 80, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita ne. Irin wannan ko a hannu yana karyewa idan aka matsa masa, balle a bakin inji mai rawa.

Minti uku aikin zai ci a maimakon daƙiƙa uku. Amma bindigar guda ɗaya ce a cikin kwalin.

Haka abin yake ga wuƙa. Babu wani kayan aiki da ya kai ta muhimmanci a kan teburin mai haɗa samfuri, kuma babu wanda ya kai ta araha. Wasu sun fi son X-Acto ta Amurka da bakinta mai tsini, lamba 11. Wasu kuma askar tiyata suke saya, irin ta kamfanin Swann-Morton na Sheffield, don ta fi kaifi ko da yake ta fi saurin karyewa. Akwai kuma wuƙar da ake ɓalle bakinta gaɓa-gaɓa idan ya dakushe, wadda Yoshio Okada ya ƙirƙiro a Japan a 1956, ya kafa kamfanin Olfa a kanta. Wannan ta ƙarshe ita ce ɗaliban zanen gine-gine suka fi sani, masu kwana suna yanka kwali don haɗa samfurin ginin da za su kare a gaban malamai. Kowace aka zaɓa, ƙa'idar guda ce: baki ya kasance sabo. Dakusasshiyar wuƙa ce ke sa mutum ya danna da ƙarfi, dannawar ce ke sa ta goce, gocewar kuma a yatsa take ƙarewa. Gara a bi layi sau biyar a hankali da a nemi raba shi da sara guda.

Idan aka ƙara ƙaramar filaya mai yanka don cire sassa daga jikin firam ɗinsu, da matsefata mai siririn baki, da 'yan magagarai ƙanana, da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, da ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, da rula ta ƙarfe, to an gama haɗa abin da zai gina kusan kowane samfurin roba da ke kasuwa. Dukkansu za su shiga gwangwanin biskit. Abin takaici ne yadda sabbin shiga da yawa ke tsallake wannan gwangwani su fara da inji, saboda inji ne ke kama da an shigo sana'a da gaske. Kuɗin da za su saya wuƙa mai kyau da filaya mai kyau su yi shekaru suna mora, sai su zuba a abin da zai lalata musu samfurin farko, daga nan ya koma cikin durowa.

Wannan ba ya nufin inji ba shi da rana. Yana da ita, kuma idan ranar ta zo babu abin da ke maye gurbinsa.

A ɗauki jirgin HMS Victory, wanda kwamandan sojan ruwan Birtaniya, Nelson, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, kuma yana nan har yanzu a Portsmouth. Igwa 104 yake ɗauke da su a wancan yaƙi. Wanda ya ƙudura gina samfurinsa tun daga tushe, ba tare da sayen sassa ba, dole ya fitar da bututun igwa fiye da ɗari, waɗanda ke bene guda su zama iri ɗaya sak, da kumburin baki da zobban jiki duka. Mutum zai iya sassaƙa guda ɗaya da magagari ta yi kyau. Zai iya yin biyu su yi kama. Amma talatin a jere a layi ɗaya, inda ido zai bi su ya tsinci wadda ta fi 'yar'uwarta kauri, wannan aikin injin juya ƙarfe ne, wanda ke riƙe sandar tagulla yana juya ta, mai aiki yana matso da kurfi yana fere ta. Haka katakon jikin jirgin. A ma'aunin 1:48, katako mai faɗin santimita 30 ya koma wajen milimita 6, kuma ana bukatar ɗaruruwansa, faɗi ɗaya, kauri ɗaya. Ƙaramin zarton tebur mai lantarki zai fitar da su cikin yini guda. Da hannu sai a yi makonni, kuma ba za su daidaita ba.

Ba a kan lantarki aka fara wannan ba. Injin juya itace da ake takawa da ƙafa ko ake ja da baka ya girmi lantarki da ɗaruruwan shekaru. Masu ƙera samfuran hukumar sojan ruwan Ingila a ƙarni na 17, waɗanda suka yi aiki da katako mai tauri da laushin jijiya, galibi a wannan ma'auni na 1:48, a zamanin da ake da irin wannan inji suka rayu. Abin da lantarki ya kawo shi ne ya 'yantar da ƙafa, ya kuma daidaita gudun.

Gerald Wingrove, Baturen Ingila da ya shahara da ƙera tsofaffin motocin alfarma irin su Bugatti da Duesenberg da Alfa Romeo a ma'aunin 1:15, misali ne na wanda ya san darajar inji. Da ƙarfe ya riƙa aiki, mafi yawa tagulla, kuma tayoyi da fitilu da sassan injin motar duk abubuwa ne masu zagaye da ke bukatar a juya su daidai. Amma gangar jikin motar, da lanƙwasar da ke sa a gane ta tun daga nesa, da guduma ake bugo ta a kan sassaƙaƙƙen katako. Babu wanda zai kalli aikinsa ya ce injin ya rage masa gwaninta. Ya san abin da zai miƙa wa inji da abin da zai riƙe wa hannunsa.

Idan aiki ya girma kuwa, maganar ta wuce ra'ayi. Samfurin birnin New York da aka yi don baje kolin duniya na 1964, wanda ke gidan tarihi na Queens, yana kan ma'aunin 1:1200 ne, kuma gine-ginen da ke cikinsa sun kai kusan 895,000 bayan gyaran da aka yi masa a 1992. Mutum fiye da 100 suka yi shekara uku suna aikinsa. Ba zai yiwu a sassaƙa gida dubu ɗari takwas ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙananan gidajen siffofi ne da aka maimaita, fitattun gine-ginen ne aka ba kulawa ta musamman. A Hamburg ta Jamus ma, Miniatur Wunderland da tagwayen nan Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 yana da layin dogo da ya haura kilomita 15 a ma'aunin 1:87, da filin jirgin sama da aka yi kusan shekara shida ana ginawa kafin a buɗe shi a 2011. Kwamfuta ce ke tafiyar da jiragen ƙasa da motoci da fitilu. Sai dai abin da ke tsayar da baƙo ya yi minti goma a wuri guda shi ne 'yan mutanen, sama da 250,000, kowanne tsawonsa wajen santimita 2, waɗanda wani ya ɗauka da matsefata, ya ɗiga musu gam a ƙafa, ya yanke shawarar inda za su tsaya da wanda za su kalla.

Daga nan mutum zai iya cewa ƙa'idar ta fito: maimaici na inji ne, abu guda ɗaya na hannu. Kusan haka ne, amma jirgin ruwa mai ƙyallen iska ya ƙi yarda. Aikin da ya fi kowanne maimaici a jikinsa shi ne tsanin igiya da matuƙa ke takawa su hau ginshiƙi. Kowane mataki siririn zare ne da ake ƙulla wa kowace igiyar tsaye da ya gitta, kuma a babban jirgi ƙullin yana kaiwa dubbai. Har yau babu injin da ke yin wannan yadda ido zai yarda. Matsefata biyu ce, da zare, da ɗigon gam da aka tsinka da ruwa, da dare bayan dare. Akwai masu sayen tsanin roba da aka riga aka zuba, amma ko yaro ya kalla ya san ba igiya ba ce, domin ba ta da ɗan lotsawar da nauyi ke sa igiya ta yi.

August Crabtree na Amurka, wanda jiragensa 16 ke gidan tarihin Mariners' Museum a Newport News ta jihar Virginia tun 1956, ya yi fiye da shekara ashirin yana aikinsu tare da matarsa Winnifred. Siffofin mutane da na dabbobi da ya sassaƙa a jikin jiragen wasu sai da gilashin ƙara girma ake ganin fuskokinsu. Da ya rasa kurfin da ya kai ƙanƙantar da yake so, kayan likitan haƙori ya samo ya wasa su ya mayar da su abin sassaƙa. Har gobe tsofaffin kayan likitan haƙori suna cikin abin da masu wannan sana'a ke nema ruwa a jallo.

Akwai inji guda da ya cancanci a tara masa kuɗi tun kafin Dremel, idan samfurin roba ake yi, wato bindigar feshin fenti da ɗan kwamfaresanta. Dalilin ya sake komawa ga ma'auni. Fentin da buroshi ya shafa mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, a 1:72 daidai yake da a lafta wa jirgi fenti mai kaurin milimita 7. Ya cike layukan da ke nuna mahaɗar faranti, ya binne kawunan ƙusoshi, jirgi ya fito kamar an tsoma shi a kunu. Bindigar feshi, da ƙofar bakinta da ba ta wuce kashi biyu zuwa biyar cikin goma na milimita ba, tana sauke fentin kamar raɓa, a bi sau uku ko huɗu, komai na ƙasa yana nan ana gani. Ita kaɗai ce a cikin injinan da aka ambata zuwa nan da aikinta ƙarawa ne. Sauran duk ragewa suke yi. Idan an yi kuskure da ita, a wanke a sake. Farashinta shi ne wanki: duk wanda ya bar fenti ya bushe a cikinta ya sayi wahalar awa guda. Buroshi kuma bai yi ritaya ba, shi ke da fuskar matuƙi, da bel ɗin kujera, da tsatsar da ke gangarowa daga ƙusa.

Batun lafiya gajere ne amma ba na wasa ba. Faifan yanka na ɗan injin juyawa siriri ne, idan ya karkata yana fashewa, ɓaraguzan su tashi da gudun da ya isa ya tsiyaye ido, don haka tabarau na kariya wajibi ne. Sassan da aka zuba da rezin, idan aka guga su da inji, suna tayar da ƙura mai laushi da ba ta da kyau ga huhu. A jiƙa samfefa da ruwa a guga da hannu, ƙurar ta zama taɓo ta zauna. Feshin fenti kuma yana son taga a buɗe da abin rufe hanci na gaske.

Wanda ke zaune a Kano ko Zariya ko Maradi yana da ƙarin lissafin da takwaransa na Hamburg ba ya yi. Na farko ƙarfin wuta: injin da aka yi don kasuwar Amurka volt 120 yake ci, wutar Nijeriya da Nijar kuwa ta haura 200. Wanda ɗan'uwa ya aiko masa da tsaraba daga can ya jona ta kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, hayaƙi zai gani. Na biyu, wutar ita kanta ba ta da alƙawari, kuma tayar da janareta don huda rami biyu asara ce. Shi ya sa idan za a sayi inji a nan, mai batir da ake caji ko irin ƙananan nan masu volt 12, kamar waɗanda Proxxon na Jamus ke yi, sun fi dacewa. Sun kuma fi sauƙi a hannu. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke sauka a kan ɗanyen fenti ta manne. Akwatin roba mai murfi da za a kifa a kan samfurin har ya bushe ya fi wani injin amfani a watan Janairu.

A 'yan shekarun nan gardamar ta samu sabbin baƙi: injin yanka da hasken leza, da firintar 3D da ke fitar da siffa daga zanen kwamfuta. Ofisoshin zanen gine-gine sun rungume su, kuma da gaskiyarsu, domin taga 200 iri ɗaya a jikin samfurin otal ba aikin da za a ba wuƙa ba ne idan gobe za a nuna wa mai kuɗi. Amma leza tana barin baƙin ƙuna a gefen katako, wanda sai an goge kafin gam ya kama sosai. Firinta tana barin 'yan ƙafafun tallafi da sai an cire, da layuka da sai an shafe. Abin da ya fito daga cikinsu, teburin nan mai wuƙa da samfefa yake komawa.

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946 kafin ya koma roba, shi ne ya yaɗa ma'aunin 1:35 da tankarsa ta Panther a farkon shekarun 1960, kuma ba mai koya masa halin folistarin. Da ya tashi yi wa masu sayen kayansa injin huji, bai bi hanyar gudu ba. Ya yi ɗan ƙarami mai cin batir biyu irin na rediyo, ya sa masa giyoyin da ke rage gudun motar sosai har mahujin ya riƙa yanka robar ba tare da ya narkar da ita ba. A kwali yake zuwa, sassansa a manne da firam kamar kowane samfuri. Mai saye zai zauna da filayarsa da sukudireba ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wa giyoyin man da aka haɗo masa da shi, ya ɗaure, kafin ya huda ramin farko.